Haske Mai Fasa Ƙwallon Kabon: Abin da Walƙiyar Leza Ke Yi wa Manyan Molekul

Mahaucin da ya san sana'arsa ba ya saran ƙashi da ƙarfin tuwo. Laluben gaɓa yake yi da yatsa, ya sa bakin wuƙa a daidai wurin, sai ka ga cinya ta rabu da ƙugu bai ko yi gumi ba. Irin wannan wuƙar ce masana sinadarai suka zaci sun samu lokacin da leza ta shigo hannunsu. Theodore Maiman ne ya kunna ta farko a watan Mayun 1960 a Kalifoniya, da ɗan guntun yaƙutu da fitila mai walƙiya, kuma zuwa shekarun 1970 ɗakunan bincike da dama sun duƙufa kan buri guda: a auna ɗauri ɗaya tak a jikin molekul, a tsinke shi da haske, a bar sauran yadda suke.

Burin ba na wauta ba ne. Molekul ƙungiya ce ta ƙwayoyin zarra da suka riƙe juna. Ruwa zarra uku ne, sukari arba'in da biyar, furotin kuwa dubbai. Abin da ake kira ɗauri tsakanin zarra biyu ba igiya ba ce, elektiron ne, ɗan ƙaramin abu mai cajin lantarki da ke kewaya cibiyar zarra, da su biyun suka yi tarayya a kansa, kowace na jan sa, jan nan kuma shi ke hana su rabuwa. Ɗaurin ba ya zama shiru, kullum cikin kaɗawa yake, kuma kowane iri da saurinsa, kamar tsirkiyoyin molo, kowace da muryarta. Leza kuwa haske ce mai launi ɗaya tsantsa. To in ka saita launin ya zo daidai da muryar ɗaurin da kake so, ai shi kaɗai zai amsa, ya yi ta kaɗawa har ya tsinke. A takarda babu inda lissafin ya karkace.

Da aka zo gwaji, sai molekul ya ƙi ba da haɗin kai. Ɗaurin da aka auna yakan karɓi makamashin, amma ba ya riƙe shi. Cikin kusan fikosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa, ya riga ya miƙa wa maƙwabta, su ma sun miƙa gaba, har jikin molekul ɗin gaba ɗaya ya ɗauki ɗumi. Duk wanda ya taɓa aika kuɗi gidan gandu da sunan mutum ɗaya ya san abin da nake nufi: kafin la'asar kowane ɗaki ya ga rabonsa, shi wanda aka aika wa ɗin ko kuɗin cefane bai rage masa ba. Daga ƙarshe, in molekul ɗin zai tsinke, a ɗauri mafi rauni yake tsinkewa, daidai inda zai tsinke da a tukunya aka dafa shi. An kashe maƙudan kuɗi an sayi leza, ta yi aikin murhu.

Girman molekul shi ne tushen matsalar. Akwai ƙa'ida mai sauƙi: ka ninka yawan zarra sau uku ka cire shida, ka sami yawan hanyoyin da molekul zai iya kaɗawa. Ruwa hanya uku ke gare shi. Benzin, mai zarra 12, yana da 30. Shi ya sa wajen 1990 Fleming Crim na Jami'ar Wisconsin ya iya zaɓar ɗaurin da zai tsinka a wani nau'in ruwa da ɗaya daga cikin haidurojin ɗinsa ya fi ɗan'uwansa nauyi, don babu ɗakuna da yawa da makamashin zai watsu cikinsu. Da zarar zarra sun kai gommai, sai zance ya sauya. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Daga nan tambayar ta koma wata dabam. Ba launin haske kaɗai ba ne, ba ma ƙarfinsa kaɗai ba, lokaci ne. Tsere ake yi tsakanin saurin da kake zuba makamashi da saurin da molekul ke rarraba shi, kuma duk salon fashewar da za mu gani a gaba daga wannan tseren yake fitowa.

Ma'aunin lokacin a nan shi ne femtosakan, kashi ɗaya cikin dubu na fikosakan ɗin da muka ambata. Yadda daƙiƙa ɗaya take a gaban shekara miliyan 32, haka femtosakan ɗaya yake a gaban daƙiƙa. Haske, wanda ke isa wata daga nan cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, a femtosakan 30 mikuron tara kawai yake ci, bai kai kaurin silin gashi ba. Ɗaurin kabon da haidurojin yakan je ya dawo sau ɗaya cikin kusan femtosakan 11. Mutumin da ya fara bin tsinkewar ɗauri a wannan ma'auni ɗan Masar ne, Ahmed Zewail, haifaffen Damanhur, yana aiki a Caltech. A 1987 ya harba walƙiya biyu a jere kan wani molekul mai zarra uku, ayodin da kabon da naiturojin: ta farko ta tayar da tsinkewar, ta biyu ta leƙa bayan ɗan jinkirin da shi ya zaɓa. Da ya yi ta sauya jinkirin, ya ga ayodin na barin 'yan'uwansa cikin kusan femtosakan 200. Aikin nan ya ba shi kyautar Nobel ta sinadarai a 1999, shi kaɗai.

Gajarta walƙiya abu ɗaya ne, ƙarfafa ta wani abu ne. Matsalar ita ce gajeriyar walƙiya mai ƙarfi takan fasa gilashi da kiristal ɗin da ke cikin na'urar da ke ƙarfafa ta, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Donna Strickland, tana ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Rochester, da malaminta Gérard Mourou ne suka warware wannan a 1985. Sun bi da walƙiyar ta cikin zaren gilashi mai tsawon kilomita 1.4 don ta miƙe ta yi tsawo, zafinta ya ragu, suka ƙara mata makamashi a haka cikin kwanciyar hankali, sannan suka sake matse ta. Nobel ɗinsu sai a 2018 ta zo. Yau kusan duk leza mai tsananin ƙarfi a duniya da wannan dabarar take aiki.

Alƙaluman sun cancanci a tsaya a kansu, don suna da ban mamaki. Walƙiya ɗaya daga irin lezar da ke kan tebur a ɗakin bincike takan ɗauki makamashin milijul ɗaya. Wannan ba komai ba ne, bai wuce abin da za ka kashe wajen ɗaga babbar ƙwayar gyaɗa santimita goma sama ba. Amma in aka zuba shi cikin femtosakan 30, ƙarfin ya haura megawat 30,000, alhali layin wutar Najeriya gaba ɗaya yawanci kusa da megawat 5,000 yake yawo. Sai a tattara wannan da madubi a kan ɗigon da bai kai faɗin gashi ba. Rana tsaka tana sauke kusan kashi ɗaya cikin goma na wat a kan kowane santimita murabba'i. A ɗigon nan ana maganar wat 10¹⁴ zuwa 10¹⁵, wato ɗaya da sifili 14 ko 15 a gabansa, a kan kowane santimita murabba'i. In aka tattara irin wannan hasken a cikin iskar ɗaki kawai, wani ɗan farin tartsatsi ne ke bayyana rataye a sarari, ba ya jikin komai, yana ƙara siririya kamar ta sauro, saboda sau dubu a daƙiƙa ake yage iskar wurin.

A irin wannan tsanani haske ya daina ɗabi'ar da muka san shi da ita. Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ana kiran kowace foton. Lezar da aka fi amfani da ita, ta titaniyom da safaya, tana ba da haske mai tsawon igiya nanomita 800 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma foton ɗinsa ɗaya eV 1.55 yake ɗauke da shi, a ma'aunin da ake auna makamashin ƙananan abubuwa. Tsinka ɗaurin kabon da kabon na neman wajen eV 3.6, fizge elektiron daga yawancin molekul kuwa eV 7 zuwa 12. Ke nan foton ɗaya ba ya iya komai, ko shekara za a yi ana haska fitila mai wannan launi. Amma hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka. In foton suka yi cunkoso har biyar ko shida suka sauka kan molekul ɗaya a tare, sai su haɗa ƙarfi su fizge elektiron. Maria Goeppert-Mayer ta hango yiwuwar haɗiye foton biyu lokaci guda tun 1931 a Gottingen, amma sai 1961, bayan leza ta samu, aka gani da ido. In tsananin ya ƙara hawa, ƙirga foton ma ya daina amfani. Ƙarfin lantarkin da ke cikin hasken ya kusa kai wanda ke riƙe elektiron a gidansa, sai ya lanƙwasa katangar, elektiron ya sulale ta cikinta ya fice. Leonid Keldysh na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne ya tsara lissafin da ke raba waɗannan yanayi biyu a 1964.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe: hasken elektiron yake kamawa, ba cibiyar zarra ba. Cibiya mafi sauƙi, ta haidurojin, ta fi elektiron nauyi sau 1,836, ta kabon kuwa ta ninka wannan sau goma sha biyu. Igiyar hasken na juya fuska duk bayan femtosakan ɗaya da ɗan abu, elektiron na binta kamar ganye a guguwa, cibiyoyi kuwa kamar duwatsu suke, ba su ma san ana yi ba. Sai daga baya labari ke isa gare su. Wannan jinkirin shi ne ƙofar da komai ke bi.

Molekul ɗin da aka fi koyon wannan darasi a kansa shi ne C60. Zarra 60 ne na kabon, jere a siffar ƙwallon ƙafa irin na da, mai faci 12 masu kusurwa biyar da faci 20 masu kusurwa shida, cikinsa fanko, faɗinsa nanomita 0.7. Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley da ɗalibansu ne suka gano shi a Jami'ar Rice da ke Texas a 1985, kuma abin dariya, da leza suka same shi: suna harbin girafait, baƙin abin cikin fensir, sai turirin kabon ɗin ya dunƙule da kansa ya zama ƙwallo. Masu bincike na son sa ne don yana tsakiya. Ya isa babba, da ɗauri 90 da elektiron 360 da hanyoyin kaɗawa 174, amma duk zarransa iri ɗaya ne a matsayi iri ɗaya, don haka babu wani ɗauri mai rauni da zai ɓata gwaji.

Gwajin kansa ga yadda yake. Ana zuba garin C60, baƙi kamar kunkunniya, a wata 'yar tanda da ba ta fi yatsa ba, cikin akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskarsa tas. In tandar ta kai wajen digiri 500, garin ya fara tashi, ƙwallayen na fitowa ta ɗan ƙaramin rami ɗaya-ɗaya, ba mai taɓa wani. Hasken leza ya shigo ta taga ya gitta musu hanya. Duk abin da ya rasa elektiron ya zama mai caji, sai faranti mai lantarki ya hankaɗa shi cikin wani dogon bututu. Mara nauyi ya riga isa ƙarshe, mai nauyi ya biyo baya, agogo na rubuta lokacin isowar kowa. Abin da mai bincike ke gani a fuskar kwamfuta layi ne mai tsinaye kamar haƙoran mataji, kowane tsini na faɗa masa nauyin wani ɓaraguzi da yawansa. Bai taɓa ganin ƙwallon ba. Daga sakaina yake gane yadda ƙwarya ta fashe.

In walƙiyar doguwa ce, ta nanosakan, wato sau dubbai fiye da lokacin rabon makamashi, molekul ne ke cin tseren. Foton ya shigo, elektiron ya karɓa, ya sauke wa gangar jiki, wani ya shigo, haka dai har ƙwallon ya yi zafin dubban digiri. Sannan ya fara zubar da kabon, amma ba ɗaya-ɗaya ba, bibbiyu: C58, C56, C54, kowane karo ya ɗinke ramin ya koma ƙwallo ƙarami. Ƙungiyar Smalley ta nuna a 1988 cewa haka jerin ke sauka har C32, daga nan kejin ba ya iya rufuwa kuma, sai ya tarwatse zuwa ƙananan sarƙoƙi da zobba. Cire kabon biyun farko na cin wajen eV 10, amma sai an ɗura wa ƙwallon fiye da eV 40 kafin a ga ya fara zubarwa cikin lokacin da na'ura ke jira. Sauran ina suke? Suna rarrabe a ɗakuna 174, kuma sai an yi sa'ar da isasshen kaso ya taru a lungu ɗaya kafin wani abu ya ɓalle. Har elektiron ma haka yake fita. A 1991 Eleanor Campbell da abokan aikinta a Jamus suka ga C60 na sakin elektiron bayan mikrosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa) da dama da wucewar haske, kamar yadda jan ƙarfe ke tururin elektiron in ya yi zafi. A ma'aunin molekul, wannan kamar a mari mutum yau ne ya yi kuka bayan jikokinsa sun tsufa.

In aka gajarta walƙiyar zuwa wajen femtosakan 100, wani yanayi na daban ke fitowa, kuma a ganina shi ya fi ban sha'awa. Elektiron sun sami lokacin da za su yi karo da juna su raba makamashi a tsakaninsu, amma ba su sami lokacin sauke wa gangar jiki ba, don wannan na ɗaukar 'yan ɗaruruwan femtosakan. Sai ka sami molekul ɗaya mai zafi biyu: elektiron na tafasa a dubun-dubatar digiri, kejin kabon kuwa na nan kusan yadda ya fito daga tanda. Elektiron su yi ta tsalle suna ficewa, ɗaya, biyu, uku, ƙwallon bai fashe ba tukuna. Campbell da abokanta sun bi wannan sauyi dalla-dalla a 2000, ta hanyar sauya tsawon walƙiya kawai suna auna saurin elektiron da ke fitowa. Da suka sauka ƙasa da femtosakan 70, sai ga alamar foton ƙwaya-ƙwaya ta bayyana a jikin saurin, shaidar cewa elektiron ya fita kai tsaye bai tsaya rabo da kowa ba.

Nan ne abin da hankali bai zata ba ya bayyana: walƙiya mafi gajarta da tsanani takan fi barin molekul a dunƙule. A 2003 ƙungiyar Paul Corkum a Ottawa ta Kanada ta yi amfani da haske mai tsawon igiya nanomita 1,800 ta fizge elektiron 12 daga C60, ƙwallon kuma ya isa ƙarshen bututu bai fashe ba. An kwashe kayan ɗaki da sauri har bango bai ji ba.

Amma akwai iyaka, kuma sunanta fashewar Coulomb, daga Charles-Augustin de Coulomb, Bafaranshen da ya auna ƙarfin turin caji a 1785. Kowace zarra da ta rasa elektiron ta zama mai caji iri ɗaya da maƙwabciyarta, kuma caji iri ɗaya ƙin juna suke. Biyu a tazarar ɗaurin kabon, nanomita 0.14, na ɗauke da turin wajen eV 10, ya fi abin da ɗaurin ke iya riƙewa nesa ba kusa ba. Ga shi kuma elektiron ɗin da aka kwashe su ne ɗaurin. An cire turɓayar da ke riƙe da tubali, an kuma sa kowane tubali ya tsani na kusa da shi. In aka kwashe gommai lokaci guda, babu zancen zubar da bibbiyu, ƙwallon ya kumbura ya watse ƙwaya-ƙwaya cikin 'yan gomman femtosakan. Abin na ciyar da kansa ma: tun 1995 aka gano cewa ɗaurin da ya ɗan miƙe ya fi saurin rasa ƙarin elektiron, don haka fara kumbura na jawo ƙarin caji, ƙarin caji na jawo ƙarin kumbura.

Burin mahauci fa, ya mutu ke nan? Bai mutu ba, ya dai rage tsawo. A 1992 Richard Judson da Herschel Rabitz suka kawo shawarar a bar kwamfuta ta yi lalube: a sassaƙa siffar walƙiya, a harba, a duba ɓaraguzai, a riƙe siffofin da suka fi ba da abin da ake so, a gauraya su, a sake. Gustav Gerber ya gwada a Wurzburg a 1998 kan wani molekul mai ƙarfe a tsakiya, kuma lallai kason ɓaraguzan ya sauya yadda aka nema. An yi ta murna a lokacin. Sai dai sauya kaso daban, yankan gaɓa daban, kuma masu suka sun nuna daga baya cewa a lokuta da yawa abin da kwamfutar ta gano bai wuce tsawaita walƙiyar ko rage tsananinta ba. Ni ina ganin amfanin wannan layin bincike ya fi yawa a abin da ya koyar game da motsin molekul fiye da wani sinadari da ya samar, don har yau masana'antu da tukunya da zafi da sinadaran hanzarta aiki suke dogara.

Inda aka ci riba ta zahiri, abin mamaki, shi ne inda aka koyi hana leza fasawa. Koichi Tanaka, injiniya a kamfanin Shimadzu a Kyoto, da Michael Karas da Franz Hillenkamp a Jamus, sun gano a shekarun 1980 cewa in ka binne furotin cikin wani abu da ke shanye hasken, shi abin ne zai fashe ya ɗaga furotin ɗin sama lafiya lau a auna nauyinsa. Tanaka ya sami Nobel a 2002 ba shi da digirin dakta. Da wannan hanyar manyan ɗakunan gwajin asibiti ke gane nau'in ƙwayar bakteriya cikin mintoci a yau.

Sai kuma aka zo ga lezar eksire, wadda ta mai da fashewa kanta hanyar gani. Waɗannan ba na kan tebur ba ne. Ta Stanford a Amurka, LCLS, ta fara aiki a 2009, ta Turai kuwa, mai tsawon kilomita 3.4 a ƙarƙashin ƙasa daga Hamburg zuwa Schenefeld, a 2017, tana iya harba walƙiya 27,000 a daƙiƙa. Foton ɗin eksire ɗaya na ɗauke da ɗaruruwa ko dubban eV, kuma ba elektiron na baki-baki yake nema ba, na can ƙurya kusa da cibiya yake cirewa. Na sama ya faɗo ya cike gurbin, rarar makamashinsa ta harba wani waje, haka zarra ke ta zubar da nata daga ciki. A 2017 aka ba da rahoton gwajin da aka yi a LCLS kan molekul mai ayodin ɗaya da kabon ɗaya da haidurojin uku. Ayodin, da yake babba, shi ke shan eksire, kuma duk lokacin da ya rasa elektiron sai ya wawuro na maƙwabtansa, su ma a fizge su. Cikin elektiron 62 da molekul ɗin ke da su, 54 suka tafi a walƙiya ɗaya.

Da yake fashewar ta yi saurin da zarra ba su sami damar sauya wuri ba, kowace kan tashi ne ta fuskar da matsayinta ya tilasta mata. In ka kama su duka, ka auna inda kowace ta sauka da lokacin da ta sauka, za ka iya komawa baya da lissafi ka zana molekul ɗin. A 2022 masu bincike a na'urar Turai suka fitar da irin wannan hoto na wani zobe mai zarra 11, har da ƙananan haidurojin da sauran hanyoyi ke wahalar gani.

Dabara ta biyu ta fi wannan ƙarfin hali. Tun da daɗewa masu ɗaukar hoton furotin da eksire ke fama da abu ɗaya: hasken da zai isa ya nuna zarra ya isa ya ƙona samfurin. A 2000 ƙungiyar Janos Hajdu a Uppsala ta Suwidin ta yi lissafi a kwamfuta kan furotin lisozim, ta ce in walƙiyar ta gajarta zuwa 'yan femtosakan, hasken zai bi ta jikin furotin ya ɗauki siffarsa ya wuce kafin zarra su motsa. A 2006 Henry Chapman da abokansa suka gwada a wata lezar eksire mai suna FLASH da ke Hamburg. Sun zana mutum-mutumi biyu da rana a kan wata siririyar fata ta haɗin silikon da naiturojin, zanen da ido ba ya gani, suka harbe shi da walƙiyar femtosakan 25. Samfurin ya kai digiri 60,000 ya zama tururi. Amma daga hasken da ya watsu a kan na'urar kamawa, kwamfuta ta dawo da mutanen biyu da ranarsu.

Furotin na farko da aka gano sabon abu a jikinsa ta wannan hanya na ƙwayar cutar da makiyayanmu suka sani ne farin sani. Trypanosoma brucei, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, danginta ne ke jawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane, cutar da har cibiyar bincike ta musamman gare ta a Kaduna. Ƙwayar na da wani furotin, katepsin B, da take narka furotin ɗin mai masaukinta da shi, kuma a lokacin ana kallonsa a matsayin wurin da magani zai iya kamawa. Matsalar ita ce, sai furotin ya jeru ya zama kiristal ake iya ɗaukar hotonsa da eksire, kiristal ɗinsa kuwa, waɗanda aka shuka cikin ƙwayoyin jikin ƙwari, sirara ne kamar allura, faɗinsu bai wuce mikuron ɗaya ba, sun yi ƙanƙanta ga na'urorin da aka saba. Masu bincike daga Hamburg da Lubeck da Tubingen suka kai su LCLS, suka zuba su cikin ruwa, suka fesa ruwan a siririn zare ya gitta hanyar eksire. Kowane kiristal harbi ɗaya yake sha, ya ba da hoto ɗaya daga fuskar da ya faɗo da ita, ya tarwatse. Daga hotuna fiye da 170,000 aka haɗa siffar, aka wallafa a ƙarshen 2012. Maganin haɗiya na ciwon barci da ya fito bayan shekaru, fexinidazole, ta wata hanya dabam ya zo, ba daga wannan aiki ba. Abin da hoton ya nuna shi ne furotin ɗin tare da wani ɗan guntun jikinsa kwance a bakin wurin yankansa, takunkumin da ƙwayar cutar ke sa masa da kanta don kada ya fara cin ta kafin ya isa inda aka aike shi.